Gefen Takardun da Na Datse

A lokacin ni mataimaki ne a wani ƙaramin laburare a Salaga, karatuna bai wuce sakandare ba. Aikina shara, kakkaɓe ƙura da mayar da littafi kan kanta. Madam, wadda aka turo mana daga Yendi, ita ta yi karatun aikin, kuma ita kaɗai ke taɓa tsofaffin takardun ajami da wani dattijo ya ba mu ajiya cikin gafaka, rubutun hannun kakansa. Dokar nan ta tsaya mini a rai, don na riga ta zuwa wurin.

Tana Bawku wajen ta'aziyya sai dattijon ya aiko cewa zai kawo baƙi su gani. Na ce yau zan nuna ni ma na iya. Na buɗe gafakar, na ga gefunan sun yayyage. Na sa almakashi na datse ƙasan kowace takarda, har da wata 'yar kalma da ke ita kaɗai a kusurwa, na ɗauka gwajin alƙalami ne. Na jera manya da manya, ƙanana da ƙanana, na ƙona gutsattsarin da shara.

Madam ta dawo kafin baƙin su iso. Tana gani ta nemi kujera ta zauna, ta tambaye ni ina gutsattsarin. Da na faɗa mata, ta ce takardun ba su da lambar shafi, wannan kalmar ce ke nuna shafin da ke biye. Ba ta rufe baki ba muka ji sallama. Dattijon ya soma karanta wa baƙinsa, ya juya shafi, magana ta ƙi haɗuwa. Ya sake juyawa. Ya ɗago ya tambayi wanda ya yi masa haka. Madam ta ce Baba ya yi haƙuri, laifinta ne, ita ta bar makullin ma'ajiyar takardun a waje. Ni kuwa na yi tsit. Ya ɗaure gafakarsa ya fita ba sallama. Sauran gidajen da suka ba mu ajiyar takardu ma suka zo suka kwashe nasu, ita kuma aka ɗauke ta daga garin.

Almakashin jahilci ne, amma shirun nan da sanina na yi shi, shi ke ci na har yau. 'Yan'uwana masu irin aikina, daɗewa a wuri ba ita ce sani ba. In an ce kada ka taɓa, tambayi dalili. In kuma ka riga ka ɓata, buɗe baki tun mai gaskiya bai ɗauki kayanka ba.