Baikon da Ya Riga Hukunci

Har gobe ba zan manta da ranar da aka tarbe ni da guɗa a Walia ba, ni kuwa aikin kotu ne ya kai ni. Ku da kuka fara aikin nan yanzu ku saurara. Ke ma Mariyam, ajiye wayar nan.

A lokacin ina cikin ma'aikatan jin daɗin jama'a da kotu ke aikawa gidaje. Idan miji da mata suna shari'ar rabuwa, ana jayayya a kan yara, alƙali yakan sa a yi abin da muke kira anket. Wato in je in ga inda yaran ke kwana, abin da suke ci, wanda ke kai su makaranta, in rubuto masa abin da idona ya gani.

Wata damina alƙali ya kira ni ofishinsa, ya ce, "Madam, wani ɗan kasuwa a Goudji, Malam Bukar, yana so a karɓe yara biyu daga hannun matarsa Zahra'u. Ya ce ta shigo da wani namiji cikin rayuwarsu. Hausawanki ne, je ki gano mini."

Na haye gada zuwa Walia na sami Zahra'u a gidan uwarta, tana banda kifi. Yaran fes, mace da namiji. Uwar, wadda kowa ke kira Inna, ta rangaɗa guɗa: "Lale da 'yar gwamnati!" Aka kawo shayi. Ban kai rabin kofi ba sai ga ta da akwati, ta buɗe a kan tabarma, atamfofi da turare. Ta ƙwala wa wani mutum kira daga zaure.

"Wannan Isa ne, ɗan kilando, haya yake da babur, kullum shi ke kai yaran makaranta. Ga kayan baikonsa. Ki rubuta wa alƙali cewa yara sun sami uba."

Innalillahi! Na ajiye kofin. Abin da mijin ke ƙara a kansa shi suka shimfiɗa mini da hannunsu, suna murna.

Na ce, "Zahra'u, auren naki ya mutu ne?"

Ta ce, "Tun bara ya sake ni a gaban liman, Anti. Idda ma na gama."

"Bayan ɗaurin auren masallaci, kun je meri, ofishin magajin gari, kun sa hannu a takardar auren gwamnati?"

"Mun je."

To, nan gizo ke saƙa ga mutanenmu. A wurin liman bazawara ce, ba wanda zai hana ta karɓar baiko. A wurin kotu kuwa matar Bukar ce har ranar da alƙali ya raba su, kuma manemi a wannan tsakani yana iya jawo mata laifi, har ya taɓa riƙon yara. Da na yi bayani Inna ta hau sama: "Auren da Allah ya kwance, wace meri za ta riƙe shi?"

Na ce, "Inna, ba ni na tsara ba. Kuma abin da na gani ba zan ɓoye ba."

Zahra'u ta fashe da kuka. "Anti, in aka raba ni da yaran nan na mutu."

Wallahi tausayinta ya kama ni. Sai Isa ya ce, "Inna, a ba ni akwatina."

"Au, gudu za ka yi?"

"Ba gudu ba ne. In zuwana zai raba ta da 'ya'yanta, ƙafata ba za ta ƙara taka layin nan ba sai alƙali ya gama." Ya ɗaure akwatin a bayan babur ya tafi.

Daga baya na je Goudji. Bukar ya yi ta faɗa, na bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa. Da ya huce na ce, "Malam, me ya fi yi maka ciwo?" Ya ce, "Na je makaranta in ga ɗana. Ya sauko daga babur yana ce wa mutumin nan Baba."

Na rubuta duka, baikon da mayar da shi da maganar Bukar. Shari'a ta ja har rani. Isa bai ƙara leƙowa ba, Zahra'u ke kai yaran makaranta da ƙafa, taɓo ko rana. Ranar hukunci alƙali ya yi mata faɗa kaca-kaca, ya raba auren, ya bar mata yaran. Ƙarshen mako da hutun makaranta na ubansu ne. Bukar bai ɗaukaka ƙara ba.

Da lokaci ya yi aka ɗaura aurenta da Isa, na ci tuwon biki har na yi guzuri. Yaron yanzu Kawu yake ce masa, Isa ne da kansa ya gyara masa baki.

Abin da na koya, ku daina shiga gida da zaton kowa ɓoye muku yake yi. Yawancin mutanenmu ba mayaudara ba ne, sun bi dokar da suka sani ne. Uban da ke ihun a ba shi yara kuma, ku zauna ku saurare shi har ƙarshe. Sau da yawa tsoro ne kawai yake ji kada 'ya'yansa su manta da shi.