Albasa Ashirin a Kan Faifai

Shekarar da na gama difloma na dawo gida ina yawo da biro a aljihun gaba, aka ɗauke ni aikin ƙidayar ruɓaɓɓiyar albasa. Ba haka aka rubuta a takardar ba. A takarda ni mataimakin mai bincike ne, kuma haka na riƙa gaya wa duk wanda ya tsaya gaisawa da ni daga Aliero har Jega, ko bai tambaya ba.

Mai binciken wani Dokta ne da ya zo daga nesa, mutum mai tsoron rana da yawan goge tabarau. Ya iso da hukuncinsa a jaka: wai rudu, rumfar kara da ciyawar da iyayenmu ke adana albasa a ciki tun ba a haifi kakansa ba, ita ke ruɓar mana da amfani. Maganinsa ɗakin bulo ne mai rufin kwano, da kantocin katako hawa-hawa. Aka gina guda a bayan gidan wani Alhaji, dattijo kuma babban manomi a gefen Aliero, aka kafa rudu kusa da shi, aka raba albasar gona ɗaya gida biyu, rabi a ɗaki, rabi a rudu.

In faɗi gaskiya, tsarin da ya zana babu laifi. Ya ce ba a sanin kyan sabon abu sai an ajiye tsoho kusa da shi, an yi musu komai iri ɗaya. Ya ce ba za mu iya duba albasar duka ba, don haka duk Asabar in ciro ashirin daga kowane ɓangare, in ƙidaya masu ruɓa. Ya ja mini kunne a kan abu guda: kada ido ya zaɓa. Kowace kanta da kowace kusurwa an ba ta lamba, in rubuta lambobin a guntayen takardu, in zuba a hula, in girgiza, inda ƙuri'a ta faɗa can zan sa hannu. Ya gama wannan karatu cikin mota, gilashi a rufe, ya tafi. Sau biyu na sake ganinsa a wannan shekara.

Asabar ta farko na cire hulata a ƙofar ɗakin ina girgizawa. Alhaji ya tsaya yana kallona kamar ya kama ni ina caca a masallaci.

"Ɗana, mi kaka yi haka?"

Na yi masa bayani, har da ɗan Turanci don ya san da wa yake magana.

"Ashe ba ka yarda da hannuna ba," in ji shi. "Ka shigo gidana kana yi min ƙuri'a bisa kayana, awa wanda anka kama da sata? Ubanka ya san haka kaka yi?"

Sa'an mahaifina ne, sun yi kasuwa tare. Na mayar da hulata kaina, takardun na ciki. Daga ranar ban sake yin ƙuri'a ba. Duk Asabar sai in tarar an shimfiɗa mini tabarma a inuwa, an ajiye fura, ga faifai biyu an rufe, Alhaji ya riga ya ɗebo mini ashirin-ashirin. Na ɗaki albasa ce jajaye, ƙosassu, masu sheƙi, irin wadda ake kai wa suruki. Na rudu kuwa duk abin da hannu ya fara tarar wa a bakin ƙofa, inda kaji ke tono. Alhaji ba maƙaryaci ba ne. Baƙi sun gina masa ɗaki, ya ga abin da ransu ke so, a wurinsa rashin kunya ne a miƙa wa baƙo ruɓaɓɓen abu daga cikin kyautarsa. Daga baya na gane kullum da safe yana shiga ɗakin ya tsince waɗanda suka lalace ya zubar, don kada masu ziyara su ji wari. Rudun kuma ba ya ko leƙa ta.

Ni kuma, mai difloma, na riƙa shan fura ina rubutawa. Ba zan laɓe a bayan kunyar dattijo ba. Kunyar ta yi mini rana ne kawai, don ba na son cusa hannun farar rigata cikin albasa mai ɗoyi. Na ga tarin da yake zubarwa a bayan katanga, ƙudaje na bi, na kau da kai.

Abin da ya fi ƙona mini rai yanzu shi ne, babu dillalin albasa a kasuwar Aliero da za a yi wa wannan. Ka kawo masa buhu an jera manya a baki, zai yi maka murmushi ya ce a zazzage a ƙasa. Bai taɓa jin kalmar samfuri ba, amma ya san wanda ya zaɓa maka abin da za ka gani ya riga ya zaɓa maka abin da za ka ce. Mu da muka yi karatun abin, har da jarrabawa, faifai ya ishe mu.

Da damina ta kankama Dokta ya dawo ya karɓi littafina. Bai tambaye ni komai ba sai ko na cika kowane layi. Ya zuba lambobin a kwamfuta, ta fitar masa da matsakaici, ta zana masa ginshiƙai biyu, ɗaya dogo ɗaya gajere. Aka kira taro a wani zaure a Jega. Manoma suka zo daga Jandutsi, wasu suka hawo kabu-kabu tun daga Maiyama. Aka haska ginshiƙan a bango, Dokta ya ce bambancin ya wuce a ce dace ne, lissafi ya tabbatar. Lissafin kam bai yi ƙarya ba, abin da aka ba shi ya tauna. Manyan riguna a layin gaba suka yi ta gyaɗa kai, rabinsu hankalinsu na kan kwalin shinkafar da aka jera a baya. Cikin zauren nan kaf babu wanda ya ɗaga hannu ya tambayi yadda aka ciro albasar. Aka kira ni na miƙe, aka tafa mini. Na ji daɗi, Allah ya sani na ji daɗi.

Mahaifina yana cikin taron, can baya, ya zo daga ƙauyenmu kusa da Jiga Makera. Mutum ne da ba ya yarda da sabon iri sai ya ga maƙwabci ya shuka shekara biyu. Albasar rani ita ce duk abin da gidanmu ke dogaro da shi, ita ce abinci idan hatsi ya ƙare, ita ce takin baɗi. A hanyar komawa ya ce da ni:

"Ni ban gane zanen ga nasu ba. Amma kai ad da biron. Ɗakin ga ya hi rudu?"

Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki. Amma tafin yana kunnena, kuma karo na farko ke nan da mahaifina ya tambaye ni wani abu game da noma. Na ce, "Baba, ai an gwada. Kimiyya ce."

Da aka cire albasar shekarar da ta biyo baya bai kafa rudu ba. Ya kwashe kayan ɗakin kwanon da ke zaure, ya kira kafinta ya buga masa kantoci, ya zuba noman shekarar duka a ciki. Ƙannensa suka yi masa magana, ya ce ɗansa ya auna. Na ji wannan da kunnena, na kuma yi shiru, ina fatan ko a dace ɗakin ya yi aiki. Wanda aka koya wa gwaji ya koma fata.

Bazara ta zo da zafinta, kwano ya ɗauki rana ya sauke a kan albasa, iska ba ta ratsa bulo. Baba ya yi ta tsincewa, abin ya fi ƙarfin tsinta. Kafin ruwan farko wari ya hana mu zama a zaure. Ranar da muka buɗe ƙofar don mu kwashe, wani baƙin ruwa ya biyo ƙasa ya jiƙa mana ƙafa. Ka ɗauki albasa, ta narke a hannunka. Abin da muka tsira da shi bai kai a kira mota ba.

Baba bai yi faɗa ba. Na so ya yi. Ya tsuguna yana juya wata da ɗan kara, can ya ce:

"Albasad da kaka ƙidaya gidan Alhaji, wa ka ɗebo ma ita?"

Na ce, "Alhajin."

"Shi da kainai ka zaɓam ma?"

"E, Baba."

Manomin da bai taɓa zama a aji ba, tambaya biyu ta kai shi inda Dokta da kwamfutarsa da zaure guda ba su je ba. Na ɗauka ya gama. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Ran da nit tambaye ka bisa hanyar Jega, ka san da haka?"

Na duba ko'ina ban da fuskarsa. Babu lambar da zan ɓuya a bayanta.

Na ce, "Na sani."

Ya jefar da karan, ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa.

"To, ɗauko baro," in ji shi.

Kwana biyu muna kai noman shekara juji, shi a gaba ni a baya. Yau shekaru ke nan, muna gaisawa lafiya, yana tambayata iyali da aiki. Bai sake tambayata komai game da gona ba.