Jinjina ga Buɗe-Mu-Gani, Wanda Ya Nuna wa Mama Fuskar Babanmu

Kafin mai shara ya gama da barandar ma'aikatarmu, shi ya riga ya zauna. Zai cire agogo ya ajiye gefe, ya goge gilashin na'urar sikanin da ƙyalle, ya jawo kwalin takardun tsofaffin ma'aikata, ya fara ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya. Idan ya ɗora takarda a shafin ofis na intanet, ba ya cewa ya gama. Sai ya zaro wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, ya shiga burauza, wato manhajar da ake leƙa intanet da ita, ya buɗe takardar kamar yadda tsoho zai buɗe ta a gida. Zai ja hoton da yatsa biyu har hatimi ya karantu. In bai karantu ba, a sake. Duk wanda ya ce masa "ai na ɗora", amsa ɗaya yake samu: "To, buɗe mu gani." A nan ya samo sunan da ya bi shi har ritayar da zai yi ƙarshen watan nan.

Ni ne mai zama a taga, teburina na jingine da nasa. Gara in faɗa tun yanzu, kishinsa nake yi, kuma ba yau na fara ba. A da layi a gabana yake. Ni ake gaisarwa, ni ake tambaya ya iyali. Da ya mayar da takardu cikin waya, sai layin ya watse, wanda ma ya zo sai ya leƙa ta saman kaina yana cewa, "Malam Buɗe yana ciki?" Wata bazawara ta taɓa zuwa tun daga nesa don kawai ta yi masa godiya, ta ba ni ajiyar jakarta kamar ni ne maigadi. Mai shayin bakin ƙofa ma shi yake cika wa madara.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babban abin a gidanmu ya faru.

Likita ya gaya mana idon Mama yana tafiya, kuma ba mai dawowa ba ne. Gefe-gefe ya riga ya rufe, sai ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Ba ta yi kuka ba. Da muka dawo gida ta ce, "Kai da kake aiki a wurin, ba za ka nemo min fuskar babanku ba?" Babanmu, Allah Ya jiƙansa, direba ne a ma'aikatar, kuma shi da kyamara ba a ga maciji. Hoto ɗaya ya taɓa ɗauka a duniya, na takardar kama aiki, shi ma don dole. Na bugi ƙirji na ce ta ɗauka ta gani.

Takardun shekarar da ya kama aiki danshi ya cinye su tun tuni. Abin da ya rage shi ne sikanin da wani ɗan kwangila ya yi kafin zuwan Malam Buɗe, a wani irin fayil mai nauyi da burauza ba ta san shi ba. Ka danna, sai farin shafi. Ka sauke a waya, ta ce ba ta iya buɗewa. Na gwada a kwamfutata, na gwada a ta ƙanwata, har shagon masu gyaran waya na je. Kullum na shiga gida Mama za ta juyo da kai tana laluben inda nake, ta ce, "An samu?" Kullum ramin makullin yana ƙara tsukewa.

Shi ya lura da ni. Ya ce, "Abokina, wannan tsakin da kake ja tun safe, da wa kake faɗa?" Na gaya masa a daƙile. Ashe ya daɗe yana juya fayilolin ɗan kwangilar zuwa irin da kowace waya ke buɗewa, shekara bayan shekara, bai dai iso kan ta babanmu ba. Mutumin da bai taɓa tsallake layi don kowa ba, ranar ya tsallake. Hoton ya fito ƙarami kamar farce, baƙi wuluk. Ya yi ta rage masa duhu a hankali har fuska ta fito daga ciki. Na ce ya tura min in kai mata. Ya ce, "A wannan 'yar wayar? Ba za ta gani ba. Mu je tare."

Malam Buɗe, kai ne ka shiga ɗakin uwata da kwamfuta a hammata, ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce a saki labule don hasken rana kada ya kashe na allo. Kai ne ka gane cewa duk fuskar ba za ta shiga abin da ya rage na idonta ba, sai ka buɗe shafin, ka ƙara girma, kana jan hoton kaɗan-kaɗan. Goshi tukuna. Sannan gira. Ta matso har hancinta na taɓa gilashi, ta ce, "Tsaya, ɗan albarka. Ga tabon nan, murfin mota ne ya buge shi." Ka tsaya. Ka gangara kan ido, ka gangara kan baki. Ta yi dariya ta ce, "Dubi yadda ya ɗaure fuska, sai ka ce an ce ya ba da aron motar." Sau nawa ta ce a koma sama, ban ƙirga ba, kai kuma ba ka ko gyara zama ba. Ni ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da labule.

Ba a daɗe ba idon ya rufe gaba ɗaya. Yanzu in ta idar da salla tana jero 'ya'yanta a addu'a, sunanka ne ke fara fitowa. Na taɓa yin ƙorafi na ce, "Mama, ni fa kika haifa." Ta ce, "Kai ai dole ce ta sa ka. Shi wa ya aike shi?"

Ku da za ku gaji kujerarsa, ɗora takarda ba shi ne aikin ba. A can ƙarshen wayar akwai wani mai jira, wataƙila idonsa ba zai kai gobe ba. Ku buɗe ku gani kafin ku tashi.

Kai kuma Malam Buɗe, mai haƙurin da ya fi ƙarfin gulmata, Allah Ya sa ka huta lafiya, Ya bar maka idonka har ƙarshen rayuwa. Mama ta ce in gaya maka duhun da take ciki bai dame ta ba, tana da wanda take kallo. Ni na so in ba ta wannan, kai ka ba ta. Ban huce ba tukuna, amma na gode.