Ƙaro a Alƙalamin Mushe Ishaya

Har yau ban manta da ranar da na yi wa alƙalami wanka a ofis ba. Lokacin ina sashen 'yan fansho a Maraɗi, ni kaɗai a wani ɗaki na can ƙarshen baranda, inda ko mai tallar gyaɗa ba ta isowa. Kowace shekara wanda ya ajiye aiki yakan zo da kansa ya sa hannu a takardar shaidar yana raye. Wanda bai iya rubutu ba, ko hannunsa ya gaza, sai ya dangwala yatsa.

Ana cikin girbin hatsi wani tsoho ya shigo daga Tsibiri, Mushe Ishaya. Malamin lakwal ne a da, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Yamai, ba ya ganin jama'a sai ran Lahadi a majami'a. Na miƙa masa bik, wato biro, ya girgiza kai.

"Ɗiyata, hannun nan rawa shikai. Bik sai an danna, ni ko ba ni iya dannawa."

Ya zaro alƙalamin tawada daga aljihu, irin mai tsinin ƙarfe, wanda da ya taɓa takarda yake zuba da kansa. Ya ja, babu komai. Ya yarfa shi ya sake ja, sai ƙarzar takarda. Da na duba tsinin na ga baƙin abu ya daskare a kai kamar ƙanzo.

Ashe tawadarsa ce ta ƙare, ya zagaya kasuwa bai samu ba. Wani maƙwabcinsa, malamin allo da ya taso daga Jiratawa, ya tausaya masa ya cika masa alƙalamin da tasa. Tawadar allo kuwa da ƙaro ake haɗa ta don ta kama katako, in ta shiga siririyar hanya ta bushe, shi ke nan ta liƙe.

"Na san abin da za ya faru," in ji shi. "Amma mutum ya tako har ɗakina da alheri, in ce mishi mi?"

Shugaban sashenmu ya leƙo, makullin babur a hannu. "Madam Hadiza, ki dangwala mishi ki sallame shi, an tashi."

Mushe Ishaya ya janye hannunsa ya ɓoye a ƙarƙashin tebur. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana riƙe hannun yara yana koya musu zana baƙi, yau shi za a kama wa yatsa. Raina ya ɓaci. Na ce wa shugaban ni zan rufe ofis, ya yi gaba abinsa.

Na karɓo ruwan zafi wurin mai shayi, na surka ya koma ɗumi, don tsohon ya ce zafi yana lanƙwasa roba. Shi ke faɗa, ni ke yi. Na kwance alƙalamin, na tsoma tsinin, na yi ta zuƙa ina fesarwa har ruwan ya daina baƙi. Inda ya ƙi, muka bar shi ya jiƙa. Muna jira ya ba ni labarin matarsa, da yadda yanzu yake dafa tuwon da ba ya iya cinyewa. Ni ma da nake wuni ban yi magana da kowa ba, ban so ƙaron ya yi saurin narkewa ba.

A bayan kabad na tono kwalbar shuɗiyar tawada da wani tsohon sakatare ya bari. Muka cika. Ya ɗora tsinin, ya ja sunansa a hankali, hannun na rawa amma kowane baƙi ya fita. Ya daɗe yana kallonsa.

"Kin san mi? Duk shekara takardar nan kaɗai ka tambaya ko ina da rai."

Na naɗe masa kwalbar a leda, na raka shi har inda ake hawa motar Tsibiri.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, komai a na'ura kuke yi, kuma na san akwai sauri. Amma in tsoho ya sa hannu bai tashi ba, kada ku kalli agogo. Ku tambaye shi da wa yake zaune a gida.