Garantin Motar Dogo

Mai Kushin kowa ke ce masa a layin gareji, har waɗanda suka girme shi. Sana'arsa ɗinkin kujerun mota, a kanta ya tashi, a kanta ya yi furfura. Shagonsa ɗaki ɗaya ne tsakanin mai fenti da bakanike, cike da soso da ledar kujera da warin gam, ga tsohon keken ɗinki wanda idan ya taka shi har ƙofa ke rawa. Motoci iri-iri sun bi ta hannunsa, amma shi ko babur bai taɓa mallaka ba. In aka tsokane shi da haka sai ya ce ai ya fi masu motocin sanin sirrinsu, domin da ya ga inda kujera ta lotsa ya san ƙibar mai ita, ya kuma san ko matarsa gaba take zama ko baya take komawa in sun yi faɗa.

Matarsa ta rasu ɗansu ɗaya tilo bai shiga makaranta ba. Bai sake aure ba, ba don wani dalili babba ba, kullum dai cewa yake sai baɗi. A shagon yaron ya girma, yana barcin rana kan guntayen soso. Uban ya so ya koya masa allura, ya ƙi. Shi dai hawa: bishiya, katanga, rufin gareji. Da ya zama saurayi ya miƙe zangal har aka sa masa Dogo, ya kuma sami aikin da ya dace da shi, gyaran dogayen ƙarafan nan na sabis ɗin waya. Aikin akwai samu. Ya yi aure, ya auri wata yarinya mai sanyin magana da ke aiki a kantin magani, suka kama gida mai ɗaki biyu da ɗan fili a gaba.

Sai kuma ya sayi motar.

Rawaya ce, ƙofa biyu, kujera biyu, ta kwanta a ƙasa kamar ƙadangare. Irin motocin tsere ce, ta hannu, amma ba ta tsufa ba, har da sauran garantin kamfani a kanta. Ranar da ya kawo ta layin gareji kowa ya ajiye aiki ya fito. Mai Kushin ya zagaya ta ya ce, "To in Allah ya ba ku haihuwa, a aljihu za ka sa jaririn?"

Dogo ya yi dariya ya ce, "Baba, shiga kawai."

Sau ɗaya ya shiga. Da suka hau babban titi ya ji bayansa ya manne da kujera, ya riƙe ƙofa yana salati, ɗan kuwa sai ƙyalƙyala dariya yake yi. Da suka dawo ya fito, ya rantse shi da ita har abada. Amma kafin ya rufe ƙofar sai da ya bi ɗinkin kujerar da yatsa, ya gyaɗa kai. Wanda ya yi aikin nan, in ji shi, ba ya sauri.

Ba motar ce ta karya Dogo ba, ko da yake ita kowa ke wa tsoro. Wata safiya yana saukowa daga ƙarfe, ƙugiyar igiyar da ke riƙe da shi ta zame. Ya faɗo da wuya. Bayan an yi aiki, likita ya kira uban da matar zuwa baranda ya gaya masu ba ɓoye-ɓoye: laka ta taɓu, zai iya ɗaga hannuwa amma yatsu ba za su damƙe ba, ƙafafu kuwa kada su sa rai. Surukar ta jingina da bango ta sulale ƙasa. A nan barandar suka yanke shawara kada a gaya masa tukuna, sai ya ɗan yi ƙwari. Tukunar nan ita ce ta yi ta ja har aka sallame su, har watanni suka shuɗe.

Mai Kushin ya kwaso kayansa ya dawo falon gidansu. Da safe shi ke juya Dogo, ya goge masa baya, ya zubar da robar fitsari, sannan surukar ta tafi kanti. In ta dawo da rana shi kuma ya tafi shago ya ɗan taɓa aiki. Abin da kamfanin ya ba su asibiti ya cinye mafi yawa, sauran suna lallaɓa shi. Dogo ya sa an ja gadonsa kusa da taga, inda yake hango motar a lulluɓe da tamfol. Lokaci-lokaci yakan ce, "Baba, a tayar da ita kada batir ya mutu." Tsohon da bai iya tuƙi ba sai ya yaye tamfol, ya durƙusa ya shiga da ƙyar, ya danna abin da aka nuna masa. In injin ya yi gurnani, nan kaɗai yake ganin fuskar ɗansa ta saki.

Wata rana aka kira wayar Dogo daga wurin da ya sayi motar. Surukar ta kara masa a kunne. Suka ce garantin kamfani ya kusa ƙarewa, in yana so za a tsawaita masa na shekara uku, amma sai an biya kafin na yanzu ya ƙare. Dogo bai ko yi shawara ba ya ce yana so.

Da yamma surukar ta sami Mai Kushin a bakin famfo yana wanke zanen gado. Ta rage murya.

"Baba, kuɗin da suke nema ya kai na keken nan mai batir da likita ya ce a saya. Ga katifar da ke hana gyambo ba mu saya ba. Ni ba zan iya ce masa a'a ba. Na gwada, bakina ya ƙi."

"Me kike so a yi, 'yata?"

"A sayar da motar." Ta share ido da bayan hannu. "Amma kada ka ce ni na faɗa."

Da Mai Kushin ya shigo ɗaki kuma, Dogo ya ce, "Baba, kai za ka je. Ita tsoron kashe kuɗi take yi. Irin motar nan ba a barin ta ba garanti, abu kaɗan ya lalace sai mutum ya yi kuka. In na tashi ba na son in tarar da matsala."

Mai Kushin ya ce to.

Washegari ya sa rigarsa mai kyau ya tafi. Wurin duk gilashi ne, sanyi kamar cikin firij, ƙasa na sheƙi har yana jin kunyar takalminsa. Wata ma'aikaciya ta ba shi kujera, ta yi masa bayani a tsanake. Garantin ya ɗauki inji da giya da kayan lantarki. Bai ɗauki taya ba, ko birki, ko batir, ko duk abin da zama wuri ɗaya ya ɓata. Kuma dole a riƙa kawo motar sabis wurinsu a kan lokaci.

"Yana yawan tafiya da ita, Baba?" ta tambaya.

"Ba ta tafiya. Tayar da ita dai nake yi."

Ta ɗago ta dube shi. Ya gaya mata mai motar ba shi da lafiya. Ta yi masa jaje, ta juya biro a hannunta, sannan ta ce, "Gaskiya abubuwan da muke biya, sai mota na gudu suke lalacewa. In za ku sayar ne, garantin na bin motar, zai ɗan ɗaga mata daraja, amma ba zai mayar maku da abin da kuka biya ba. In kuma zai koma tuƙi nan kusa, to ya kamata ku saya. Yaushe likita ya ce zai warke?"

Mai Kushin ya ce zai je ya yi shawara.

Bai wuce gida ba, ya biya layin gareji wurin maƙwabcinsa bakanike, abokin tsokanarsa na shekaru. Ya same shi ƙarƙashin wata motar haya.

"Giyar motar Dogo?" in ji bakaniken, yana fitowa da baƙin mai har goshi. "In ta yi tari sau ɗaya, sai ka sayar da shagonka, ka haɗa da ni da mai fenti. Mai hawanta kullum, garanti ba asara ba ne."

"An ce ana sa wa mota abin tuƙi da hannu, na marasa ƙafa."

"Ana sawa. Amma da ka taɓa ta, kamfani sun zare hannunsu." Ya daina murmushi. "Kuma sai mai iya riƙe sitiyari. Yana riƙe cokali yanzu?"

Bakaniken ya goge hannu ya jawo wa Mai Kushin benci, suka zauna. Duk inda tsohon ya juya maganar a ransa wuri ɗaya take komawa. In Dogo zai tashi, a saya. In ba zai tashi ba, zubar da kuɗi ne. Kuma shi ya san amsar tun a barandar asibiti. Ya yi tunanin ya biya kawai, a zauna lafiya. Ya yi tunanin ya ce ya biya alhali bai biya ba. Sai ya tuna jan tabon da ya gani a ƙugun Dogo da safen nan, wanda ya danna da yatsa bai koma fari ba.

Ya isa gida rana tsaka, surukar ba ta dawo ba. Dogo na kwance fuskarsa wajen taga.

"Ka biya, Baba?"

"Ban biya ba."

"Sun rufe ne?"

Mai Kushin ya zauna bakin gado. Ya kamo hannun ɗansa, yatsun nan da suka lanƙwashe, ya riƙe. Sannan ya ce:

"Ba za ka sake tuƙa ta ba. Likita ya gaya mana tun ranar da aka yi maka aiki. Mu muka ɓoye maka."

Ya zaci ihu, ko kuka, ko zagi. Dogo bai ko juyo ba.

"Baba, ni ne fa a cikin jikin nan," ya ce a hankali. "Kana tsammani ban sani ba? Tun a asibiti na sani. Matata ma na ga ta sani, ba ta iya kallon ƙafata." Ya haɗiyi yawu. "Kai ne nake ganin ba ka yarda ba. Kullum in ka shiga ka tayar da motar sai in ce, to, ga mutum ɗaya da bai cire rai da ni ba."



"Ku sayar," in ji Dogo. "Ka ja labulen."

Cikin makon aka sayar wa wani dillali. Da ya ga garantin na gab da ƙarewa ya yi ta taya ta da wulaƙanci, bakaniken ne ya tsaya masu har aka sami abin da ba laifi. Da za a fitar da ita, Mai Kushin ya roƙi a tura ta da hannu zuwa bakin titi kafin a tayar. Aka sayi keken mai batir da katifar, aka biya mai gashin ƙashi. Tabon ƙugu ya warke. Duk wanda ya ji labari ya ce Baba ya yi hankali, surukar ma ta durƙusa ta yi masa godiya tana kuka.

Amma Dogo bai koma yadda yake ba. Bai yi fushi ba, ya daina dai hira. Da can yakan tsokani uban kan yadda yake huci in ya ɗaga shi, yanzu sai "ruwa", sai "juya ni", sai "na gode". Keken ya fi wata a jingine kafin ya yarda a ɗora shi, kuma iyakarsa bakin ƙofa. Mai gashin ƙashi ta ce ba ya ba da haɗin kai. Mai Kushin ya sha zama a shago da allura a hannu yana auna abin, ya kasa cewa ya yi kuskure, ya kuma kasa cewa ya yi daidai. Bakaniken ya daina tsokanarsa.

Da sanyi ya shigo Dogo ya kamu da ciwon ƙirji, aka kwantar da shi, ya dawo ya rame. Uban ya rufe shago ya ba mai fenti hayar ɗakin ya zuba gwangwanaye. Yanzu kullum yana gida. Bayansa ya fara ciwo, kuma wata safiya yana ciccibar Dogo daga gado zuwa keke ƙafarsa ta ƙi ɗauka, suka tafi ƙasa tare. Ba wanda ya ji rauni. Suna nan kwance a kan siminti, uba a ƙasa ɗa a kansa, har surukar ta jiyo ta rugo.

Tun daga ranar yake koya mata ɗagawa. Yakan tsaya gefe yana nuna mata inda za ta kafa ƙafa, da yadda za ta sa gwiwa ta tare tasa, da cewa kada ta yi da baya. Ƙaramar mace ce, Dogo kuwa ko da ya rame dogo ne. Takan ɗaga rabi ta mayar tana haki.

"Sake, 'yata," Mai Kushin kan ce. "Huta tukuna, sai ki sake."