Tsohuwar Da Na Kashe

Shekarar da anka rufe layukan waya a ƙasarmu na gama littafina na farko. Irin sa'ata ke nan! Ina koyarwa a firamare a Sabon Birni, ba wanda ya san ina rubutu, don in ka ce kai marubuci ne, sai a tambaye ka damen gero nawa ka ɗaure bana.

Masu buga littattafai sun yi mani shiru. Sai wata mata a Kano, mai kai wa masu bugawa rubutun sababbin marubuta irina, ta ce in turo ta gani. To, ta ina? Na hau babur har Burkusuma, can bakin iyaka, inda wani mai shayi ke da layin Nijar. Na ɗaga waya sama ƙarƙashin tsamiya har hannuna ya sage, sannan littafin ya tafi. Lambar mai shayin na bar mata, na roƙe shi ya riƙe mani sirri. Ya ce ko matatai ba ta ji.

Labarin na wata tsohuwa ce mai ƙosai da ta ƙi barin gida sa'ad da kowa ke gudun 'yan bindiga. Inna ce, mahaifiyata, sana'a kawai na canza mata. A ƙarshe na kashe ta, don abin da nike tsoro ke nan kullum.

Damina ta wuce, shiru, har na fid da rai. Ranar wata kasuwa ina tsakar gida, Inna na tankaɗe, sai wani ɗan kabu-kabu ya ƙwala daga zaure: "Malam! Mai shayi ya ce matar Kano ta ce za a buga! Amma wai kada ka kashe tsohuwar!"

Sirri kuwa! Ashe har mahauta sun riga ni ji. Daɗi ya kama ni, kunya ta rufe ni.

Inna ta aje rariya. "Wace tsohuwa? Mi ta yi maka?"

Na zauna na ba ta labarin tun daga farko. Ba ta katse ni ba.

"Ni ce ke nan," ta ce. "Ni da ban iya ƙosai ba! Matar ga ta fi ka hankali. Je ka tashe ni, ɗan nan. Ba ni zuwa ko'ina sai na riƙa littafin ga da hannuna."

Na tashe ta. Ta kuwa riƙa shi.