Akwatin da Ya Tafi da Mijin Hajo

Duk garin Furana an san Hajo mai ƙuli-ƙuli da abu biyu: ba ta ba da gyara, kuma in jirgi ya wuce ta sama sai ta ɗaga kai ta bi shi da Allah ya isa har ya ɓace. Jikokinta na yi mata dariya, ita kuwa ko a jikinta.

Tana amarya, bayan yaƙin basasa, jirgi ya faɗo a gonarsu ta rake. Matuƙinsa Gilbert, wanda aka ce ya yi suna a yaƙin, ya ƙone ƙurmus. Mijinta Yahuza yana cikin raken yana ban ruwa. Sojoji suka zo suka kori jama'a, suka tattara abin da wuta ta bari a akwati ɗaya, suka yi kudu da shi. Yahuza ko wanka bai samu ba, balle likkafani. Ta yi takaba, ta yi wani auren, ta haifi 'ya'ya, amma haushin bai sake ta ba.

Bana sai ga mota ta kawo Diana, 'yar matuƙin, rungume da furanni, mai unguwa na gaba yana washe baki kamar shi aka kawo wa. Aka kira Hajo, tun da gonar tata ce.

Diana ta durƙusa ta gaishe ta. Ta ce so take ta kafa dutsen tunawa a gonar, don babanta ya kauce wa gari da jirgin, ya mutu shi kaɗai.

Hajo ta dube ta sama da ƙasa. "Ina kuka binne shi?"

"A garinmu, Mama, bayan coci. Kowace shekara muna share wurin."

"Sannunku da aiki. Mijina kuke share wa."

Mai unguwa ya ce, "Haba Gwaggo, baƙuwa ce."

"Ai shi ma Yahuza baƙo ne a can, wa ya tambaye shi?" Hajo ta juya ga Diana. "Ba ni da inda zan tsaya in yi masa addu'a. Ki je ki tono su. In kin iya raba naki da nawa, ki kawo mini nawa, sai mu yi maganar dutse."